Babi na Shida: Idan Uwa Za Ta Fita, Me Jariri Zai Sha?

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ba ma'aikaciya hutun haihuwa na mako 12. A Jamhuriyar Nijar mako 14 ne. Su kuwa masana lafiya, tun daga Hukumar Lafiya ta Duniya har zuwa nas ɗin da ke awo a asibitin unguwa, bakinsu ɗaya: nonon uwa zalla, ko ruwa ba a haɗawa, har jariri ya cika wata shida, wato mako 26. Ba sai an ɗauko alƙalami ba, kowa ya ga lissafin bai haɗu ba. Gaskiya ne Jihar Legas ta mayar da hutun wata shida ga ma'aikatanta a 2014, Kaduna ma ta bi sahu a 2019, amma malamar makarantar kuɗi ba ta cikin wannan rabon. Haka ɗalibar da jarrabawa ta riska da goyon wata biyu, da mai shago a kasuwa, da wadda ciwo ya kwantar a asibiti ba shiri. Kowacce a cikinsu wata rana za ta sa takalmi ta fita, ta bar jaririn da bai san komai a duniya ba sai nono.

Abin da aka saba yi shi ne, ana saura kwana biyu hutu ya ƙare sai a aika kemis a sayo fida, wadda wasu ke ce wa bulumboti. A tatsi nono a zuba, a miƙa wa yaro. Ya taɓa robar da harshe, ya yatsina fuska, ya kau da kai. A sake tura masa, ya banƙare ya tsala kuka. Daga nan gida ya rikice: uwa na hawaye, kaka na cewa dama ta faɗa, maigida na tambaya ko a gwada madarar gwangwani. Alhali nonon lafiyarsa ƙalau, yaron ma haka. An dai ba shi kayan aikin da bai taɓa riƙewa ba, aka ce ya iya a yini ɗaya.

Tsotson mama daban, tsotson roba daban. A jikin uwa, jariri yana wangale baki ya kama kan nono haɗe da yawancin baƙin da ke kewaye da shi, ya ja shi can ciki har kusa da ƙarshen ganɗarsa, harshe da haɓa suna aiki tare. Nonon ba ya zuwa nan take, sai ya ɗan yi tsotso tukuna ya sauko, kuma in ya tsaya ya huta, yawanci shi ma nonon ya lafa. Ita roba ba ta miƙewa ta cika baki, ba ta da ɗumin jiki, ba ta da ƙamshin uwa, kuma da an karkata kwalbar sai ta hau ɗiga, ko yaro ya shirya haɗiya ko bai shirya ba.

Akwai kuma batun girma. A makonnin farko, duk abin da ya taɓa ganɗar jariri zai tsotse shi, ba da niyya ba, haka aka halicce shi. Tsakanin wata biyu zuwa huɗu wannan ɗabi'ar take ja da baya, tsotso ya koma abin da yaro ke yi in ya ga dama. Shi ya sa za ki ji uwa na mamaki: "Ai tun kafin suna ya taɓa sha a fida, yanzu kuma ya ƙi." Ba mantuwa ya yi ba, wayo ne ya zo masa. Kuma daidai lokacin da wayon ke zuwa, daidai lokacin hutu ke ƙarewa.

Da sanyin safiya ake kama fara. Masu koyar da shayarwa sun fi son a bari sai yaro ya yi mako huɗu zuwa shida, ya goge da kama mama, nono kuma ya zauna da gindinsa, sannan a fara gwada masa wata hanyar. A wajenmu abin ya zo da sauƙin tunawa: da an yi arba'in, a fara. In kuma an riga an wuce nan, to a fara mako biyu ko uku kafin ranar fita. Sau ɗaya a yini ya isa, da nono kaɗan, babban cokali ɗaya ko biyu, don kada a yi ta zubar da abin da aka sha wahalar tatsa. Kuma in ya karɓa, kada a ce an gama a ajiye. A riƙa maimaitawa duk bayan kwana biyu ko uku.

Kofi ko fida?

Ni dai in aka tambaye ni, kofi zan ce, kuma ba don ƙin zamani ba. A 1981 Majalisar Lafiya ta Duniya ta amince da ƙa'idar da ta taƙaita tallar madarar jarirai, kuma ƙa'idar ba a madara kaɗai ta tsaya ba, ta haɗa da kwalaben shayarwa da robobinsu. A Najeriya hukumar NAFDAC ce ke sa ido a kan wannan. A 1991 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fito da shirin asibitoci masu goyon bayan shayarwa, wanda ɗaya daga cikin matakansa goma ya hana ba jariri mai shan mama roba. A 2018 aka sassauta, aka ce a yi wa uwa bayanin amfani da haɗarin fida ta zaɓa da kanta. To, ga bayanin.

Fida tana da lungu-lungu: wuyan kwalba, zoben murfi, cikin robar kanta. Ko'ina nono na maƙalewa, kuma nonon da ya maƙale a zafinmu gonar ƙwayoyin cuta ne. Wanke ta na gaskiya yana buƙatar burushi da sabulu da ruwa mai tsabta, sannan a tafasa ta minti 5 zuwa 10, ba sau ɗaya a mako ba, kullum. Ki dubi gidan da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, ana auna gas ko gawayi, mai rainon kuma yarinya ce 'yar shekara goma sha biyu. Sau nawa za a tafasa fidar nan? Daga nan gudawa ke shigowa. Kofi kuwa buɗe yake, yatsa na kaiwa ko'ina, ido na ganin datti. Wata fa'idar kuma, ba ya yiwuwa a jingina wa yaro kofi da matashi a tafi wanki, dole wani ya zauna ya riƙe shi yana kallon fuskarsa.

Masu cewa jariri ya yi ƙanƙanta da kofi su leƙa ɗakin bakwaini a babban asibiti. Jaririn da aka haifa yana mako 32 a ciki yakan iya shan nono daga ɗan kofi tun kafin ya iya kama mama da kyau. A Indiya suna da wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai baki da ake kira paladai, da shi suke shayar da irin waɗannan jariran tun zamanin kakanni. Ba zan ɓoye aibin kofi ba: yana zuba, musamman a kwanakin farko, kuma ba ya kashe wa yaro ƙishirwar tsotso. Wannan sai uwa ta dawo.

Kofin da ake so ƙarami ne mai santsin baki, irin ɗan kofin gilashi na shan shayi, ko finjali, ko wanda ke zuwa a kan kwalbar maganin yara. A zuba nono zuwa rabi. Mai bayarwa ta wanke hannu, ta zauna, ta ɗora yaro a cinya a zaune ko a ɗan kishingiɗe, hannunta ɗaya na tallafe da wuyansa da ƙeyarsa. Ta naɗe masa hannuwa cikin zane don kada ya doke kofin, ta sa tsumma ƙarƙashin haɓarsa. Sai ta ɗora bakin kofin a kan leɓensa na ƙasa, a hankali, ba dannawa, ta karkata shi har nono ya zo gab da baki ya taɓa leɓen. A nan za ta tsaya. Yaron zai ji ɗanshi, ya ware ido, ya motsa baki. Sai ki ga ɗan harshen ya leƙo ya fara lasa, kamar yadda kyanwa ke lasar madara. Wanda ya ɗan girma kurɓa yake yi. Zai yi uku ko huɗu ya tsaya ya numfasa. Idan ya tsaya, kofin na nan a leɓensa, nono na nan a bakin kofi, ba a janye ba, ba a ƙara karkatawa ba. In ya rufe baki ya kau da kai, ya ƙoshi ke nan, sai a ɗaga shi ya yi gyatsa.

Duk dabarar a wuri ɗaya take: ba a zuba wa jariri nono a baki, shi ne yake ɗauka.

A nan ne dole mu yi maganar ɗura. Mun taso mun ga ana yi. A kwantar da yaro a cinya kansa na ƙasa, a matse ƙafafunsa, a tara hannu a bakinsa a zuba kunu ko jiƙo, a toshe masa hanci. Yana neman iska ya buɗe baki, abin ya wuce. Masu yin haka ba mugunta suke nufi ba, so suke yaro ya ƙoshi, kuma za su nuna miki 'ya'ya goma da suka raina da ɗura suka girma. Amma hanyar abinci da hanyar iska maƙwabta ne a maƙogwaro. Yaron da ke kuka yana jan numfashi, hanyar iskarsa a buɗe take, abin da aka zuba yana iya faɗawa huhu. Wani ya ƙware nan take ya shiɗe. Wani kuma sai bayan kwana ɗaya ko biyu a ga zazzaɓi da tari da numfashi sama-sama, a asibiti a ce nimoniya ce, ba wanda zai tuna da ɗurar shekaranjiya. Wanda ya tsira daga wannan ma ya koyi darasi: duk abin da ya doso bakinsa ba mama ba, abokin gaba ne. Irin wannan yaron ne yake ƙin cokali a wata shida.

Matsalar ita ce, wadda za a bar wa yaron sau da yawa ita ce ta fi iya ɗura, kuma uwar miji ce ko gwaggo. Ba kya tsaya gabanta ki ce ba ta iya raino ba. Hanyar da ta fi ɓillewa ita ce a sa ma'aikaciyar asibiti a gaba: "Hajiya, nas ce ta ce a bar shi ya lasa da kansa, wai huhunsa bai yi ƙwari ba." Za ta iya cewa, "Ke 'yar nan, uban nasa da me na raine shi?" Ki yi shiru, ki ce Allah ya ƙara girma. Ranar allurar rigakafi ki roƙe ta ta raka ki, ki sa nas ta gwada a gabanta, ta miƙa mata kofin ta yi da hannunta. Tsohuwar da jikanta ya lashi nono a hannunta a gaban mutane, ita ce gobe za ta hana kowa yi masa ɗura.

Idan fida aka zaɓa

Akwai gidajen da ruwa da wuta ba matsala ba ne, akwai kuma wuraren rainon yara da ba sa karɓar kofi. Babu laifi, sai dai a ba da ita yadda ba za ta ɓata wa yaro mama ba. A nemi roba mai ƙaramin rami, wadda aka yi wa sababbin haihuwa, ko da yaron ya kai wata huɗu. A zaunar da shi, kada a kwantar. A shafa robar a leɓensa na sama a jira ya buɗe baki ya ja ta da kansa. A riƙe kwalbar kusan a kwance, yadda nono zai cika kan robar kawai, ba a tsaye yana kwarara ba. Bayan 'yan haɗiya a sauke gindin kwalbar ya huta. Shan da ya ɗauki minti 10 zuwa 20 shi ne daidai. Yaron da ya saba shanye kwalba cikin minti uku, in ya koma jikin uwa sai ya ga nono na masa nawa, ya riƙa saki yana kuka, uwa ta ɗauka nononta ne ya ƙafe.

Kada a sa allura a faɗaɗa ramin robar. Kada a zuba kunu ko koko a ciki. Kada a shafa mata sukari, balle zuma. Zuma tana da daraja a wajenmu, amma tana iya ɗauke da ƙwayar wata cuta mai shanye jiki wadda hanjin jariri bai iya yaƙa ba, shi ya sa likitoci suka ce sai yaro ya cika shekara ɗaya. In ana son jan hankalinsa, a ɗiga nonon uwar a kan robar.

Sauran dabarun ɗaya ne ga kofi da fida. Wani ne zai bayar, ba uwa ba, kuma gara ta bar ɗakin ɗungurungum, don jariri yana jin ƙamshinta da muryarta, ba zai yarda da jabu ba alhali na asali na kusa. Uba ma yana iyawa, kuma da yawa sun fi haƙuri a nan don ba su da nonon da ke tsatsafowa in yaro ya yi kuka. Wani jaririn yakan karɓa in an yafa masa ɗankwalin uwarsa, wani sai an juya shi yana kallon waje ana zagaya tsakar gida da shi. Fida wani lokaci takan shiga in yana cikin magagin barci, amma kofi sai idonsa biyu. A gwada lokacin da ya fara tsotson hannu yana waige-waige, ba bayan ya shiɗe da kuka ba. Maganar nan ta "a bar shi da yunwa, dole ya sha" ba ta aiki a kan jariri, don mai kukan yunwa ba ya koyon sabon abu. In aka yi minti goma bai karɓa ba, a ajiye, a lallashe shi, a ɗan jinkirta kafin a ba shi mama, a sake gwadawa gobe.

Nonon da za a bari

Jaririn da ke tsakanin wata ɗaya da shida yakan sha kimanin mililita 750 a yini da dare, wani ya fi, wani bai kai ba. In aka raba, kusan mililita 30 ke nan ga kowace awa da uwa ba ta nan, wato babban cokali biyu. Mai fita awa shida ba ta buƙatar cika kwano, kofi uku na mililita 60 sun wadatar. A raba shi ƙanana-ƙanana cikin mazubai masu murfi, don abin da yaro ya sha ya rage ba ya wuce awa biyu, sai zubarwa.

Ƙa'idar da aka fi yaɗawa ta ce nonon da aka tatsa yana yin awa huɗu a ɗaki. Amma ɗakin da suke nufi mai zafin digiri 25 ne ko ƙasa da haka. Kano da Sakkwato da Maiduguri da Damagaram a watan Afrilu suna haura digiri 40. A irin wannan yanayin kada a jira awa huɗu. A sa mazubin cikin kwano mai ruwan randa, a inuwa, a ba yaro da wuri. A firji yana yin kwana huɗu, in wuta ta tsaya. Inda ake ɗauke ta rabin yini, kula mai ƙanƙara ta fi firji amana, tana riƙe shi har awa 24. Wajen ɗumamawa, a tsoma mazubin cikin ruwan ɗumi, ba a ɗora nono a wuta. A ɗiga a wuyan hannu, in ba a ji zafi ba, ba a ji sanyi ba, ya yi.

In ya zauna zai rabu, maiƙo a sama, tsinkakke a ƙasa, wani lokaci har da ɗan shuɗi-shuɗi. Ba lalacewa ya yi ba, a juya shi a hankali ya haɗe. Nonon wasu matan kuma yakan ɗauki ƙamshin sabulu in ya kwana a firji, saboda wani sinadari da ke narkar da maiƙonsa. Ba ya cutarwa, amma wasu jariran ba sa so. Don haka in yaro ya ƙi na firji, a gwada shi da wanda aka tatsa yanzu kafin a ɗora wa kofi laifi. Shi kuwa nonon da ke jikin uwa ba ya tsami, ba ya lalacewa don ta yi tafiya a rana ko ta yini ba ta shayar ba. Ta dawo, ta wanke hannu, ta ba ɗanta, ba sai ta matse na farko ta zubar ba.

Wani abu kuma: a rubuta sunan yaro a jikin mazubi, musamman a gidan yawa ko wurin raino inda mata biyu ko uku ke ajiya a firji ɗaya. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda Risala ta Ibn Abi Zaid ta bayyana, nonon mace in ya isa cikin jariri a shekara biyun farko yana haramta aure ko da kaɗan ne, kuma malaman mazhabar ba su bambanta wanda aka tsotsa da wanda aka sha a ƙoƙo ba. Kuskuren 'yar raino na minti ɗaya yana iya mayar da yara biyu 'yan'uwan shayarwa. Ga kuma batun cututtukan da ke bi ta nono.

Ita ma uwar tana da aiki a wurin aiki. Nonon da ba a cire ba yana cika ya yi tauri, ya kawo zazzaɓi, daga baya kuma ya ragu. Ta riƙa tatsa duk bayan awa uku ko makamancin haka, da hannu ma ya isa. Sashe na 54 na dokar ƙwadago ya ba mai shayarwa rabin awa sau biyu a cikin lokacin aiki, mata da yawa ba su san da shi ba. Inda gida ke kusa, a kawo mata yaron, ko ta nemi a haɗe mata su awa ɗaya ta je ta dawo.

Akwai yaran da duk dabarar da aka yi sai su sha abin da zai riƙe su kawai, su yi ta barci da rana, uwa na dawowa su maƙale, su kwana suna sha. Yana gajiyar da uwa, amma ba ciwo ba ne. Abin lura shi ne fitsari: in yana jiƙa ƙunzugu sau shida ko fiye a yini da dare, fitsarin fari ba ja ba, nauyinsa kuma na ƙaruwa a katin awo, to yana samun abin da ya ishe shi. In kuwa fitsari ya ragu, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ko jikinsa ya saki ba ya son farkawa, ko yana ƙwarewa da tari duk lokacin da ya sha, ko ya ƙi har maman, wannan ya wuce dabarar gida, asibiti za a nufa a ranar.

Wanda ya riga ya kai wata shida kuma, babu dalilin wahalar koya masa fida da za a zo ana fama da raba shi da ita bayan shekara. Yana iya zama, yana kai hannu baki, ya fara cin abinci mai laushi. A dama masa kununsa da nonon da aka tatsa a ba shi da cokali, a ba shi ɗan kofinsa da ruwan da aka tafasa ya huce, kurɓi biyu ko uku a ciki, don rabinsa a riga zai ƙare.